Gwaji ya nuna dengi da cikungunya a jikin mijina, dangi sun ce ƙarya ce

Assalamu alaikum. Maigidana ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwo a bayan idanu, ga ciwon gaɓoɓin da ko kofi ba ya iya riƙewa. An yi gwajin maleriya ba a ga komai ba, duk da haka ya sha maganinta, bai ji sauƙi ba. A asibiti aka ɗebi jininsa, sakamako ya nuna dengi da cikungunya, duka biyun. Likita ya ce mu koma gida da farasitamol kaɗai, mu riƙa dawowa kullum a duba jini. Yayansa ya ce shi bai taɓa jin mutum ɗaya ya kamu da zazzaɓi biyu a lokaci guda ba, neman kuɗi ne kawai. Surukata kuma ta kawo maganin ciwon jiki mai ƙarfi, ta ce ba za ta zuba ido ɗanta yana nishi ba. Na hana a ba shi, ranta ya ɓaci. Yau kwana huɗu, zazzaɓin ya sauka, kowa na cewa ya warke, ba sai an koma asibiti ba. Ni kuma ina da ciki wata huɗu, ga tsoro ya cika ni, ga ana kallona a matsayin mai taurin kai. Shin da gaske mutum na iya kamuwa da biyun tare? Yaya zan yi da dangin mijina, kuma me zan yi wa abin da ke cikina?

Daga wata 'yar'uwa da hankalinta ya tashi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na tsallake wasiƙun da suka riga taki zuwa saboda abu ɗaya da kika faɗa: yau kwana huɗu, zazzaɓin ya sauka. Ki koma da shi asibiti kamar yadda likita ya ce, yau da gobe da jibi, ko da gidan gaba ɗaya zai yi fushi da ke. Maganin da kika hana a ba shi ma ki ci gaba da hanawa. Kin yi daidai, kuma zan faɗa miki dalili yadda za ki iya maimaita shi a gaban kowa.

Yawancin cututtuka idan zazzaɓi ya sauka an fara samun sauƙi ke nan. Dengi ba haka take ba. Tsakanin kwana na uku zuwa na bakwai da fara ciwo, daidai lokacin da jiki ya huce, a nan ne wasu marasa lafiya ke shiga matakin da ya fi haɗari. Ƙananan jijiyoyin jini kan fara tsiyaya kamar tulun da ya tsage, ruwan da ke cikin jini ya riƙa malala zuwa cikin ciki da kewayen huhu, jinin ya yi kauri, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni su kuma su ragu. Wannan mataki gajere ne, awa 24 zuwa 48. Mafi yawan masu dengi ba sa ma shigarsa, sai su wuce kai tsaye zuwa warkewa. Amma babu mai iya duban fuskar mutum ya ce wannan zai shiga, wancan ba zai shiga ba. Jinin da likita ke son ɗiba kullum shi ne ke nuna hakan tun kafin ido ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan aka gano da wuri aka kuma kula yadda ya kamata, waɗanda dengi mai tsanani ke kashewa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Waɗanda ake rasawa galibi waɗanda aka kai a makare ne, bayan gida ya gama murnar saukar zazzaɓi.

Akwai alamun da idan kin ga ko ɗaya daga cikinsu ba za ki jira wayewar gari ba, ba kuma za ki tsaya neman izinin taron dangi ba: ciwon ciki mai tsanani, amai babu ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko haɓo, jini a cikin amai ko baƙin bayan gida, numfashi sama-sama, hannu da ƙafa su yi sanyi fata ta koɗe, ƙishirwa mai tsanani, ko ya riƙa juye-juye ya kasa natsuwa, ko kuma ya yi laƙwas ana tashinsa da kyar. Ki kula da fitsarinsa ma. Idan ya yi awa shida bai yi ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Ki riƙa ba shi abin sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, har da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa.

Yanzu maganar surukarki, wadda a ganina ita ce zuciyar matsalar gaba ɗaya. Kada ki ga laifinta. Ciwon gaɓoɓin cikungunya ciwo ne na gaske, yana kama wuyan hannu, yatsu, gwiwa da idon sawu, sau da yawa dama da hagu lokaci guda, har ƙato ya kasa miƙewa. Babu uwar da za ta ga haka hannunta bai kai ga magani ba. Da cikungunya ce kaɗai a jikinsa, wataƙila likita da kansa zai rubuta irin maganin da ta kawo. Matsalar ita ce magungunan ciwon jikin nan masu ƙarfi, waɗanda za ki ga an rubuta ibuprofen, diclofenac, naproxen ko aspirin a jikin kwalinsu, suna raunana daskarewar jini, suna kuma cin bangon ciki. Dengi ta riga ta rage wa jinin ƙarfin daskarewa. Idan aka haɗa biyun, zubar jinin ciki na iya biyo baya. To kin ga inda haɗuwar cututtukan nan biyu ta fi cutarwa: ɗaya tana sa mutum ya roƙi maganin da ɗayar ta haramta. Cikungunya ce mai ihu, kowa ita yake ji. Dengi ba ta da hayaniya a wannan matakin, amma ita ce ke iya kisa cikin kwana biyu. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce, duk inda ake zargin dengi, a bi dokokinta har sai haɗarinta ya wuce, sauran su jira.

Ki duba duk wani magani da ke ɗakin, musamman na mura da na ciwon jiki masu haɗe-haɗe, domin da yawansu akwai ibuprofen ko aspirin a ciki ba tare da sunan ya fito ɓaro-ɓaro ba. Wasu kuma farasitamol ne a ciki, sai mutum ya sha ninki biyu bai sani ba. Shi kansa farasitamol ɗin yana da iyaka: babba ba ya wuce giram 4 a yini, kuma dengi kan taɓa hanta, don haka kada a ƙara a kan abin da likita ya rubuta don kawai ciwon ya yi tsanani. Kada kuma a kira wani ya zo gida ya yi masa allura a tsoka. Inda allurar ta shiga jini na iya taruwa. A gaɓoɓin da suka kumbura ki ɗora tsumma mai sanyi, ya huta. Idan ciwon ya fi ƙarfin farasitamol, likita za a gaya wa, akwai abin da zai iya bayarwa wanda ba ya taɓa jini. Bayan an tabbatar haɗarin dengi ya wuce, shi ne zai ce yanzu ana iya shan irin maganin da surukarki ta kawo.

Maganin maleriyar da ya sha bai yi aiki ba ne saboda ba abin da zai kashe a jikin. Maleriya ƙwaya ce ta daban, sauron da ke kawo ta ma daban ne. Dengi da cikungunya bairos ne, maganin maleriya ba ya taɓa su, antibayotik ma haka. Har yau babu maganin da ke kashe su kai tsaye. Jiki ne ke yaƙinsa, asibiti kuma ya tallafa masa da ruwa da sa ido. Saboda haka likitan da ya sallame ku da farasitamol kaɗai bai yi muku rowa ba.

Sai yayan maigidanki. Amsar tambayarsa ita ce e, ana kamuwa da biyun tare, kuma ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1960 likitoci a Indiya suka rubuta labarin marasa lafiyar da aka samu dengi da cikungunya a jininsu lokaci guda. A 2007 annobar cututtukan biyu ta ɓarke tare a Gabon, aka samu mutanen da ke ɗauke da duka biyun. A Kolambiya, lokacin da Zika, wata cutar bairos da sauro ke yaɗawa, ta bazu a Kudancin Amurka, an ba da rahoton wanda aka samu ukun a jikinsa, dengi da cikungunya da Zika. Dalilin a fili yake. Sauro iri ɗaya ne ke ɗaukar su, wanda masana ke kira Aedes, ɗan baƙi mai fararen zane a ƙafafu. Shi ne kuma mai kawo zazzaɓin shawara. Sauro biyu na iya cizon mutum cikin mako guda, kowanne da tasa cutar. Sauro ɗaya ma na iya ɗaukar fiye da ɗaya: a 2017 masu bincike a wata jami'a a jihar Kolorado ta Amurka sun shayar da irin wannan sauro jini mai ɗauke da cututtukan uku, suka tarar yana iya kamuwa da su duka, yana kuma iya fitar da su a yawunsa. A duk ƙasashe masu zafi da damina, daga Asiya zuwa Afirka zuwa Kudancin Amurka, inda wannan sauro ya samu wurin zama, cututtukan nan kan yi yawo tare. Abin da ya sa mutane ba su saba jin labarin ba shi ne ba a cika gwadawa ba. Zazzaɓi ya zo, a kira shi maleriya, a sha magani, jiki ya warke da kansa bayan mako, maganin ya karɓi yabo.

Sai dai zan yi wa yayan nasa adalci, domin shakkunsa ba su rasa ƙamshin gaskiya gaba ɗaya ba. Gwaje-gwajen ba ɗaya suke ba. Akwai masu neman ita kanta ƙwayar cutar a cikin jini, kamar PCR, da NS1 na dengi. Waɗannan sun fi aiki a makon farko, kuma idan suka nuna akwai, to yanzu cutar take jiki. Akwai kuma masu neman garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar cutar, wanda za ki ga an rubuta IgM ko IgG a takarda. Ita garkuwa tana daɗewa. IgM na iya kai watanni a jini, IgG kuwa shekaru, don haka tana iya nuna ciwon da aka yi aka warke tuntuni. Ban da haka, dengi da Zika da shawara 'yan gida ɗaya ne, garkuwar wannan kan sa gwajin waccan ya nuna akwai alhali babu, har allurar rigakafin shawara na iya jawo hakan. Cikungunya dai ba danginsu ba ce, ba ta cika rikicewa da su a gwaji ba. Don haka gobe idan kun je, ki tambayi likita wane irin gwaji aka yi wa kowacce. Tambaya ce mai kyau, likitan kirki zai ji daɗinta. Amma kowace amsa ya bayar, abin da za ku yi cikin kwanakin nan ba ya canzawa: sunan dengi ya fito a takarda, alamunta sun bayyana a jiki, to a bi dokarta.

Na san ganin sunaye biyu a takarda ya sa kin ji kamar haɗarin ya ninka. Kwantar da hankalinki. Yawancin rahotannin da aka tattara kan masu ɗauke da cututtukan biyu sun nuna ciwonsu ya yi kama da na masu ɗauke da guda, kuma mafi yawansu sun warke. Abin da ke ƙara haɗarin dengi da gaske wasu abubuwa ne: tsufa, ƙuruciya sosai, ciki, ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, da kuma taɓa yin dengi a baya. Wannan na ƙarshen yana ba mutane mamaki. Dengi iri huɗu ce. Wanda ya yi ɗaya ya samu kariya daga ita har abada, amma daga sauran ukun kariyar ta ɗan lokaci ce, kuma kamu na biyu da wani irin ya fi yiwuwar tsananta. Idan maigidanki yana da ɗaya daga cikin waɗannan larurori, ko yana shan aspirin kullum saboda zuciya, ki tabbata likita ya sani yau.

Game da zama da dangi, shawarata kada ki shiga musun ko ɗakin gwaji ya yi gaskiya ko ƙarya. Ba za ki ci wannan musu ba, kuma ba shi ne abin da ke gabanki ba. Ki nemi abu ƙarami wanda zai yi wuya a hana ki: kwana uku. Ki ce wa yayansa, "Yaya, don Allah ka raka mu gobe, ka yi wa likita tambayoyin nan da bakinka, kai za ka fi ni fahimta." Mutumin da ke zargin ana cutar ƙanensa mutum ne da ya damu da shi, ki ba damuwar tasa aikin yi. Surukarki kuma kada ki ce mata maganinta ba shi da kyau. Ki ce, "Mama, likita ya ce maganin nan yana da lokacinsa, a ajiye shi tukuna, jininsa ne bai yi ƙwari ba." Gaskiya kika faɗa, kuma ba ki zubar mata da girma ba. Ki roƙe ta ta karɓi aikin ba shi abin sha, domin ɗa ba ya ƙin abin da ya fito daga hannun uwarsa, ke kuma kya samu ki huta. Mafi muhimmanci, ki zauna da shi mara lafiyar ki yi masa bayani. Jikinsa ne. Idan shi da kansa ya ce zai koma asibiti kuma ba zai sha komai ba sai abin da aka rubuta, magana ta ƙare, ba wanda zai ƙara kiranki mai taurin kai.

Sai ke da abin da ke cikinki. Ba za ki ɗauki dengi ko cikungunya ta hanyar taɓa shi, wanke kayansa ko cin abinci tare ba, don haka ki yi jinyar mijinki hankali kwance. Hanyar ita ce sauro. A makon farko na ciwo ƙwayar tana yawo a jininsa. Sauron da ya cije shi yanzu, bayan kamar kwana 8 zuwa 12 ya zama mai iya sa wa wani dengi, kuma haka zai ci gaba har ya mutu. Saboda haka maigida ya kwanta cikin gidan sauro dare da rana. Na ce da rana domin wannan sauro da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma yamma kafin faɗuwar rana, kuma a cikin ɗaki yake son zama, ƙarƙashin gado da bayan kayan da aka rataye. Ke ma ki sa tufa mai rufe hannu da ƙafa, ki shafa man korar sauro mai ɗauke da DEET ko picaridin. Masu ciki na iya amfani da su idan aka bi abin da aka rubuta a jiki. Gidan sauron dare kuma kada ki bar shi, domin maleriya tana nan, kuma tana da haɗari ga mai ciki.

Sauron da ya ciji mijinki da wuya ya zo daga nesa. Ba mai dogon tashi ba ne, kuma ba a kwata yake ƙyanƙyasa ba kamar yadda ake zato. Ruwa mai tsabta da ya kwanta yake so: duro ko tankin da ba a rufe ba, bokiti, tsohuwar taya, gwangwani, farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fure, mazubin ruwan da ke bayan firij. Yana manna ƙwansa a jikin mazubin, sama kaɗan da ruwa, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa zubar da ruwan kaɗai ba ya isa, sai an goge cikin mazubin da buroshi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kamar mako guda ne zuwa kwana goma, don haka sau ɗaya a mako za a riƙa yi. Wannan ma aiki ne da za ki iya miƙa wa yayansa da samarin gidan, su kuma gaya wa maƙwabta.

Abin da na fi so ki kai wa masu duba ki a wajen awo shi ne maganar Zika. Ba ta fito a takardar mijinki ba, amma ki tambaya ko an ma gwada ta, da kuma ko tana yawo a yankinku, tunda sauron ɗaya ne. Yawancin waɗanda suka kamu da ita ba sa jin komai, ga babba ciwo ne mai sauƙi. Ga ɗan tayi ne take da illa. Duniya ta farga da hakan a 2015, lokacin da aka ga jarirai da yawa a Burazil ana haifarsu da ƙaramin kai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a Fabrairun 2016. Tsakanin dengi, cikungunya da Zika, ita ce kuma aka tabbatar tana bi ta hanyar saduwar aure, tana iya daɗewa a maniyyi bayan mutum ya warke. Inda Zika ke yawo, shawarar da ake ba ma'aurata ita ce su yi amfani da kwaroron roba har a haihu. Magana ce mai nauyi a baki, na sani, amma gara ki ji ta daga gare ni ki tambayi ungozoma ko likita, su duba halin yankinku su faɗa miki ko ta shafe ki. Kada ki tsallake awo ko hoton ciki. Idan kuma kika ji zazzaɓi, ko ƙuraje suka feso, ko ido ya yi ja, ki tafi asibiti a ranar, ki ce musu kina da ciki kuma mijinki ya yi dengi da cikungunya. Kada ki sha komai da kanki. Dengi na iya jawo haihuwa kafin lokaci, cikungunya kuma haɗarinta ga jariri ya fi yawa idan uwa ta kamu dab da haihuwa, don haka kariyar nan za ki riƙe ta har ki sauka.

Ki kuma shirya ranki, ki shirya na dangi, cewa ciwon gaɓoɓin na iya daɗewa bayan komai ya wuce. Wasu makonni, wasu watanni, yakan lafa ya dawo, ya fi tsanani da safe. Gajiyar dengi ma takan ɗauki makonni. Idan haka ta faru ba wai an yi kuskuren magani ba ne, ba kuma wani abu aka yi masa ba; halin cikungunya ke nan. A lokacin ne motsa gaɓoɓi a hankali da magungunan da likita zai amince da su za su yi amfani, idan kuma ya wuce wata uku a nemi likitan gaɓoɓi. Takardar gwajin nan ki adana ta wuri mai kyau. Duk ranar da ya sake yin zazzaɓi, ko bayan shekaru ne, abu na farko da za a gaya wa likita shi ne ya taɓa yin dengi.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.